Igiyar Aure da Iyakar Ƙasa: Yadda Doka ke Kallon Auren Ɗan Wata Ƙasa

Auren da ya haɗa mutanen ƙasashe biyu yakan bi ta hannun hukumomi iri biyu waɗanda ma'auninsu ya sha bamban. Na farko su ne waliyyai da shaidu da limamin da ya ɗaura, ko kuma magatakardan ofishin rajistar aure, waɗanda da zarar sun kammala aikinsu mace ta zama matar mijinta a idon addini da dangi. Na biyu ita ce hukumar shige da fice ta ƙasar da ma'auratan ke son zama, wadda shafa fatiha da rabon goro ba su ɗaure ta da komai ba, domin a wurinta aure dalili ne kawai da ke ba mutum damar neman izinin shiga, kuma tana iya bayarwa ko ta hana. Rashin fahimtar wannan bambanci ne ke sa a ga amarya ta shekara biyu ko uku a gidan iyayenta bayan biki, mijin yana Landan ko Toronto, alhali babu wanda ya yi musun ingancin aurensu a gida.

Duk da cewa kowace ƙasa tana da dokarta, tambayoyin da jami'an biza ke yi kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Suna son su tabbatar da cewa auren ya inganta bisa doka, cewa an yi shi ne domin zama tare, sannan akwai wanda zai ɗauki nauyin baƙon har ya tsaya da ƙafafunsa. Wanda ya gane waɗannan tambayoyi, ya kuma san wuraren da al'adun aure na ƙasar Hausa ke cin karo da su, ya riga ya ci rabin tafiya.

Matakai uku da ake yawan cakuɗawa

Biza izini ce da ofishin jakadancin wata ƙasa ke mannawa a fasfo, ko yake bayarwa ta intanet, domin mutum ya isa bakin iyaka ya nemi shiga da wata manufa da aka ayyana. Izinin zama kuwa shi ne ke ba baƙo damar ci gaba da rayuwa a cikin ƙasar, galibi tare da damar yin aiki, kuma yakan fara da wa'adi kafin ya zama na dindindin. A Amurka katin da ke nuna shi ne ake kira girin kad, a Saudiyya kuma iƙama. Zama ɗan ƙasa shi ne mataki na ƙarshe, wanda ke zuwa da fasfo da haƙƙin zaɓe, kuma a yawancin ƙasashe aure ba ya kai mutum gare shi kai tsaye, sai dai ya rage masa tsawon jira. A Amurka, alal misali, mai girin kad yakan jira shekara 5 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, amma wanda ke zaune da miji ko mata 'yar ƙasar yana iya nema bayan shekara 3. A Faransa kuma matar Bafaranshe ko mijin Bafaranshiya na iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 4 da aure, muddin zaman nasu bai yanke ba kuma an ci jarrabawar harshe.

A cikin dukan waɗannan matakai akwai wanda doka ke kira mai ɗaukar nauyi, wato ɗan ƙasar ko mai izinin zama na dindindin wanda ke neman a kawo masa abokin zamansa. Matsayinsa yana da tasiri matuƙa, domin damar da ɗan ƙasa ke da ita ta fi ta mai izinin zama, ta mai izinin zama kuma ta fi ta ɗalibi ko ma'aikacin wucin gadi.

Bizar baiko da bizar aure

Hanyoyin halal na haɗuwa da masoyi a ƙasarsa sun kasu gida biyu, gwargwadon inda za a ɗaura auren. Idan a ƙasar mai ɗaukar nauyi za a ɗaura, ana neman bizar baiko, wato bizar da ake ba wanda aka tsayar da maganar aurensa amma ba a ɗaura ba tukuna. Idan kuwa an riga an ɗaura a gida, bizar aure ake nema.

A Amurka bizar baiko ita ce K-1, wadda aka ƙirƙiro a 1970, kuma ɗan ƙasa ne kaɗai ke da ikon nema wa masoyinsa, ta hanyar cike takarda mai lamba I-129F. Sharaɗinta shi ne masoyan sun haɗu ido da ido a cikin shekara biyu kafin a shigar da takardar, kodayake doka ta yarda a ɗage wannan sharaɗi idan haɗuwar za ta saɓa wa wata tsohuwar al'ada mai tsauri ko za ta jawo wahala mai tsanani, abin da ba a cika samu cikin sauƙi ba. Wanda ya shiga da wannan biza dole ne a ɗaura aurensa da wanda ya nema masa cikin kwana 90, daga nan ya nemi a sauya matsayinsa zuwa na mai izinin zama. Idan auren ya fasu, ba shi da damar ya auri wani ya ci gaba da zama a kan wannan bizar, wajibi ne ya fita.

Bizar aure ta Amurka tana farawa da takarda mai lamba I-130, wadda hukumar shige da fice ta ƙasar, USCIS, ke dubawa kafin a tura fayil ɗin zuwa ofishin jakadanci, inda za a yi gwajin lafiya da ganawa da jami'i. Ga mazauna Nijeriya ƙaramin ofishin jakadancin da ke Legas ne ya saba gudanar da wannan ganawa. Idan auren bai cika shekara biyu ba a ranar shiga ƙasar, bizar ita ce CR-1, kuma katin da ake bayarwa mai sharaɗi ne na shekara biyu, wanda ma'auratan za su nemi a cire masa sharaɗin a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare. Idan auren ya haura shekara biyu, bizar ita ce IR-1, mai kati na shekara 10. Fifikon wannan hanya a kan ta baiko shi ne baƙon yana sauka da izinin zama da na aiki a hannunsa. Mai girin kad shi ma yana iya nema wa matarsa, sai dai ita tana shiga rukunin da aka ƙayyade adadinsa a shekara, don haka jiranta yakan fi tsawo.

Birtaniya tana da bizar baiko ta wata 6 wadda ba a yin aiki da ita, da bizar aure wadda ake bayarwa na wata 33 ga mai nema daga waje, a sabunta na wata 30, sannan bayan shekara 5 a nemi zama na dindindin. Akwai kuma wata biza ta daban ga waɗanda za su je a ɗaura musu aure a can su koma gida, wadda ba ta kai mutum ga zama. Kanada ba ta da bizar baiko kwata-kwata. Ɗan ƙasa ko mai izinin dindindin yana ɗaukar nauyin matarsa ne bayan aure, kuma idan an amince, izinin dindindin take samu kai tsaye. Faransa tana buƙatar ɗan ƙasarta da zai yi aure a waje ya fara karɓar takardar shaidar cancantar aure daga ofishin jakadancinsa, bayan ɗaurin auren kuma a shigar da shi cikin kundin Faransa, kuma sai da wannan takarda ake ba abokin zaman nasa bizar dogon zama.

Ciyarwa, matsuguni da harshe

Abin da waliyyin amarya ke bincike a kai kafin ya ba da 'yarsa, wato sana'ar manemi da inda zai ajiye ta, shi ne hukumomin shige da fice suka mayar da shi lissafi. A Birtaniya, tun daga watan Yulin 2012 aka wajabta wa mai ɗaukar nauyi samun kuɗin shiga na aƙalla fam 18,600 a shekara, aka kuma ɗaga adadin zuwa fam 29,000 a watan Afrilun 2024. Wanda ba shi da albashin da ya kai haka yana iya gabatar da ajiyar banki, amma idan ajiyar kaɗai zai dogara da ita sai ta kai fam 88,500, kuma ta kwana a hannunsa wata 6, domin a toshe ƙofar aron kuɗi na kwana biyu don a nuna wa jami'i. Ban da wannan akwai harajin kiwon lafiya na fam 1,035 a kowace shekara ta biza, wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin a yanke hukunci, da hujjar cewa akwai wurin kwana wadatacce, da takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da aka amince da shi ga mazauna ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru.

A Amurka mai ɗaukar nauyi yana sa hannu a takardar rantsuwa mai lamba I-864, inda yake nuna cewa kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa kowace shekara bisa yawan mutanen gida. Idan bai kai ba, wani ɗan ƙasa ko mai girin kad yana iya tsaya masa. Wannan takarda yarjejeniya ce da kotu ke iya tilasta cikawa, kuma saki ba ya warware ta, domin nauyin yana nan a wuyan wanda ya sa hannu har sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin da ya kai kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar baki ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. Kanada galibi ba ta ɗora adadin albashi a kan mai neman kawo matarsa, amma tana karɓar alkawarin ciyarwa na shekara 3, wanda ke nufin duk tallafin gwamnati da matar ta karɓa a wannan wa'adi bashi ne a kan mijin, ko da sun rabu.

Harshe shi ma ya zama sharaɗi a ƙasashen Turai da dama. Jamus tun 2007 take neman wanda zai bi abokin aurensa, miji ko mata, ya nuna ya iya Jamusanci na matakin farko, wanda ake kira A1, kafin a ba shi biza, kuma cibiyar Goethe da ke Legas na cikin wuraren da ake yin wannan jarrabawa. Birtaniya tana neman matakin A1 na Ingilishi a farko, A2 a lokacin sabuntawa, da mataki mafi girma tare da jarrabawar sanin ƙasa a lokacin neman zama na dindindin. Kasancewar Ingilishi harshen gwamnati a Nijeriya da Gana bai sa an yafe wa 'yan ƙasashen wannan jarrabawa ba, sai dai wanda ke da digirin da aka koyar da Ingilishi yana iya gabatar da shi bayan an tantance. Ga yarinyar da ta yi karatun allo da Islamiyya amma bokonta bai yi nisa ba, wannan sharaɗi yakan fi na kuɗi wuya, kuma hikima ita ce ta fara koyo tun lokacin da aka sa rana.

Inda al'ada ke cin karo da doka

Ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi ita ce auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi ya inganta a ko'ina, matuƙar bai saɓa wa wani ginshiƙi na dokar ƙasar da ake son shiga ba. Nijeriya ta amince da aure iri uku, na Musulunci da na gargajiya da na rajista wanda jama'a ke kira auren kotu, saboda haka auren da aka ɗaura a masallaci a Kano ko Sakkwato aure ne cikakke, kuma abin da ake buƙata shi ne takardar shaidarsa daga hukumar da aka sani, kamar kotun shari'ar Musulunci ko ƙaramar hukuma. Matsalolin suna ɓullowa ne daga wasu siffofi na auren da a gida ba a ɗauke su abin tambaya ba.

Na farko shi ne wakilci. A ɗaurin auren Hausawa wakilin ango ne ke nema, waliyyin amarya ya bayar, kuma ba abin mamaki ba ne a ɗaura auren mutum yana wata ƙasa, a buga masa waya a yi masa murna. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 ta ce auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan suna gaban juna ba, ba a ɗaukarsa aure sai an tabbatar da cewa sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin, wanda ke nufin dole angon ya zo gida ko su haɗu a wata ƙasa, ya kuma riƙe hujjar tafiyar. Kanada ta fi tsanantawa, domin tun watan Yunin 2015 ta daina amincewa da auren wakilci ko na waya ko na intanet a harkar shige da fice, sai ga sojojinta da aiki ya tsare. Birtaniya kuwa tana karɓarsa idan ya inganta a ƙasar da aka ɗaura, amma tana neman hujjar cewa ma'auratan sun taɓa haɗuwa. Mafita mafi sauƙi ita ce ango ya halarci ɗaurin aurensa da kansa, shi da amarya su sa hannu a takardar a ranar, a kuma ajiye hotuna.

Na biyu shi ne auren mace fiye da ɗaya. Babu wata ƙasa ta Turai ko Arewacin Amurka da ke ba mutum damar zama da mata biyu a ƙarƙashin bizar aure. Amurka da Kanada auren farko kaɗai suka sani, kuma auren da aka ɗaura alhali na farko yana nan ba ya inganta a wurinsu, ko da daga baya an rabu da uwargidan, sai dai a sake ɗaura na amaryar bayan rabuwar. Birtaniya, bisa dokarta ta 1988, ba ta shigar da mace a matsayin matar aure idan kishiyarta ta riga ta shiga a wannan matsayi, Faransa kuma ta haramta ba mai mata fiye da ɗaya katin zama na dogon wa'adi tun 1993. Akwai wani tarko a nan da ya shafi dokar gida: auren kotu a Nijeriya na mace ɗaya ne, kuma mutumin da ke da mata ta auren Musulunci ko na gargajiya, idan ya je rajista ya auri wata dabam don ya samu takardar da yake ganin ofishin jakadanci zai fi girmamawa, auren bai inganta ba, kuma dokar aure ta tanadi ɗaurin shekara 5 a kan haka.

Na uku shi ne saki. Wanda ya taɓa aure dole ne ya nuna cewa auren baya ya ƙare kafin ranar da aka ɗaura sabon, kuma sakin baki ko 'yar takardar da miji ya rubuta da hannu ba su isar da jami'in biza, sai an samu shaidar kotu mai kwanan wata. Ga mazauna Birtaniya akwai ƙarin sharaɗi, domin sakin da aka furta a cikin ƙasar ba ya raba aure a idon dokarta sai kotunta ta raba, saboda haka mutumin da ya saki matarsa a Manchesta da baki, ya zo gida ya auri wata, har yanzu mijin ta farko ne a wurin hukuma. Bazawarar da mijinta ya rasu ita ma tana buƙatar takardar shaidar rasuwarsa.

Na huɗu ya shafi shekaru da zumunci. Birtaniya da Kanada da Jamus ba sa ba da bizar aure ga wanda bai kai shekara 18 ba, Holan tana neman 21, Denmak kuma ta kafa ƙa'idar shekara 24 tun 2002. Auren zumunci tsakanin 'ya'yan wa da ƙane halal ne a Birtaniya da Kanada, amma kusan rabin jihohin Amurka sun hana shi, kuma jami'ai sukan duba dokar jihar da ma'auratan za su zauna. Auren haɗi da iyaye suka shirya da yardar yaran karɓaɓɓe ne a dukan waɗannan ƙasashe, auren dole kuwa laifi ne a yawancinsu.

Na biyar, wanda ya fi kowanne yawan jawo jinkiri, shi ne saɓanin takardu. Mutum ɗaya yakan kasance Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Mamman a takardar makaranta, sunansa na ƙarshe kuma wani wuri sunan mahaifi ne, wani wuri sunan gari. Ranar haihuwa ma takan bambanta tsakanin takardar rantsuwar kotu da katin shaidar ɗan ƙasa. Jami'in da bai san yadda Hausawa ke raɗa suna da laƙabi ba yana iya ɗaukar wannan a matsayin alamar ƙarya, kuma Jamus takan sa a binciki takardun Nijeriya tun daga tushensu da kuɗin mai nema, abin da ke cin watanni. Daidaita suna da ranar haihuwa a dukan takardu kafin a fara nema ya fi gyara bayan an ƙi.

Auren gaskiya da auren takarda

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalin jami'ai ita ce ko an yi auren ne domin zama tare ko domin samun izinin shiga. Tunda babu mai ganin abin da ke zuciya, sai su koma ga alamu: tarihin hira da kiran waya, hatimin shiga da fita a fasfo, kuɗin da ake aikawa don cefane, hotunan biki da dangin ɓangarorin biyu, da takardun haihuwar 'ya'ya idan akwai. A ganawa ana iya tambayar mace sana'ar mijinta da unguwar da yake zaune da sunayen 'yan'uwansa, kuma kunyar da ke hana matar Bahaushe ambaton sunan mijinta ko yin bayani a kansa gaban baƙo tana iya zama mata cikas idan ba ta shirya ba. Tazarar shekaru mai yawa, da rashin harshe ɗaya tsakanin ma'aurata, da ɗaurin aure kwanaki kaɗan bayan haɗuwar farko, ba su haramta biza ba, amma suna ƙara yawan tambayoyi.

Hukuncin auren takarda yana da tsanani. Dokar Amurka ta 1986 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 da tarar da za ta iya kaiwa dala 250,000, kuma baƙon da aka samu da wannan laifi ba za a sake amincewa da wata takardar neman zama da aka shigar dominsa ba har abada, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. A Birtaniya wa'adin sanarwar aure kwana 28 ne, amma hukuma na iya tsawaita shi zuwa kwana 70 idan tana zargi. Kanada ta hana wanda aka kawo ta hanyar aure ya ɗauki nauyin wani sabon abokin zama sai bayan shekara 5 da samun izininsa.

Shiga da bizar ziyara da niyyar yin aure a zauna ita ma hanya ce mai haɗari, kodayake 'yan cuwa-cuwar biza sukan tallata ta a matsayin gajeriyar hanya. Birtaniya ba ta barin mai ziyara ya sauya zuwa bizar aure daga cikin ƙasar. A Amurka ɓoye niyya a gaban jami'i yana jawo hani na dindindin, shi kuma wanda ya wuce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sannan ya fita ana hana shi dawowa shekara 3, wanda ya wuce da shekara guda kuma shekara 10. A ɗaya ɓangaren, dokokin sun tanadi kariya ga wanda ya shiga da gaskiya ya faɗa hannun azzalumi: dokar Amurka ta 1994 ta ba matar da mijinta ke cin zarafinta damar neman izinin zama da kanta ba tare da saninsa ba, Birtaniya ma tana da irin wannan tanadi, don kada tsoron kora ya ɗaure mace a gidan da ake dukanta.

Idan baƙon ne zai zo gida

Tafiyar ba kullum take fuskantar Turai ba. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba macen da ta auri ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, wadda ake nema ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, amma bai ba mijin 'yar Nijeriya irin wannan dama ba; shi izinin zama na musamman yake samu, kuma idan yana son zama ɗan ƙasa sai ya bi hanyar kowane baƙo, wadda ke neman zaman shekara 15. A watan Maris na 2022 Majalisar Dokoki ta Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurin da ya nemi daidaita wannan bambanci. 'Ya'yan kuwa 'yan ƙasa ne ta kowane ɓangare, uwa ko uba. Nijar ta riga ta yi gaba a wannan fanni, domin gyaran dokar da ta yi a 2014 ya ba 'yar ƙasar damar ba mijinta baƙo ɗan ƙasanci, ya kuma halatta riƙe fasfo biyu.

Auren da ya fi yawa a tsakanin Hausawa na ƙasashe daban-daban shi ne na maƙwabta, tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ko Kano da zangon Kumasi, kuma mafi yawansa ba ya bi ta ofishin jakadanci. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza na kwana 90, wadda ta biyo baya a 1986 kuma ta ba su haƙƙin zama, amma da sharaɗin neman katin zama, abin da mutane da yawa ba sa yi sai ranar da aka nemi takardar yaro a makaranta ko aka zo rabon gado. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025 ta sa wannan sakaci ya ƙara zama abin dubawa, duk da cewa ƙungiyar ta sanar da ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har sai an yanke wata shawara. A Saudiyya, inda Hausawa suka daɗe da zama, ɗan ƙasa ba ya auren baƙo sai da izinin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, bizar Umara ba ta zama izinin zama, kuma auren da aka ɗaura a ɓoye yakan bar 'ya'ya ba su da takarda a ƙasar da aka haife su.

Abin da ma'aurata ba su da iko a kansa shi ne siyasa. A ƙarshen watan Janairun 2020 gwamnatin Amurka ta dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya, aka ɗage dakatarwar a watan Janairun 2021. A watan Yunin 2025 Chadi da Sudan suka shiga jerin ƙasashen da aka hana wa shiga Amurka, a watan Disambar shekarar kuma aka ƙara Nijar a jerin, aka taƙaita wa Nijeriya. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, abin da ya tilasta wa masu nema zuwa wasu ƙasashe. Saboda haka kowane adadi da wa'adi da aka ambata yana buƙatar a sake tabbatar da shi daga shafin hukumar da abin ya shafa a ranar da za a nema, kuma shawarar lauya mai lasisi ta fi ta dillalin da ke alkawarin biza cikin mako biyu. Abin da ke hannun iyalai shi ne ranar ɗaurin aure kanta, wato ango ya halarta, a rubuta sunaye yadda suke a fasfo, a karɓi takarda mai hatimi, a kuma tabbatar da cewa duk auren da ya gabata an san matsayinsa a rubuce. Waliyyin da ya bincika asalin manemi da sana'arsa, idan manemin mazaunin wata ƙasa ne, bincikensa bai cika ba sai ya san irin takardar da yake zaune da ita a can, domin ita ce za ta nuna ko 'yarsa za ta tare bayan wata shida, ko za ta yi shekaru tana jiran ɗakin da ba ta taɓa gani ba.